Gyaran layin dogo: ina makomar fasinjan ƙaramar tasha?

Ka tambaya ko babban gyaran layi zai amfane ku masu shiga jirgi a ƙaramar tasha. Zai iya, amma sai kun sa ido.

Lokacin aikin dai wahala ce. Akan rufe layi da dare ko ƙarshen mako, wani sa'in makonni a jere, a kawo bas ya maye gurbin jirgi. Idan lantarki za a sa, galibi waya mai volt 25,000, sau da yawa sai an ɗaga tsofaffin gadojin da ke saman layin don wayar ta samu wurin wucewa, rufewar ta ƙara tsawo.

Babbar matsalar tana zuwa ne bayan an gama. Kowace tsayawa tana cin kamar minti 2 zuwa 3, har da rage gudu da sake ɗaukarsa. To idan jirgi mai sauri da mai tsayawa ko'ina suna kan layi ɗaya, mai saurin zai cim ma mai tsayawar. Muddin ba a gina layin kaucewa ba, abin da ya fi wa masu jadawali sauƙi shi ne su rage tsayawa a tasharku, kuma wannan rashin adalci ne. Haka kuma in dandamalin hawa jirgi gajere ne, taragu kaɗan ne za a buɗe ƙofofinsu. In aka rufe wurin tsallaka layi aka sa gada mai matakala, tsofaffi da masu keken guragu su ne a ciki.

Ku nemi daftarin jadawali tun yanzu, ku duba yawan jiragen da za su tsaya, da lokacin na farko da na ƙarshe, ku kai ƙorafi a rubuce kafin a kammala zanen aikin.