Kwantabul ya yi hushi don an ce za a turo mai odit

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ce ma'ajiyar ƙungiyarmu ta mata masu tatsar man gyaɗa a nan Maraɗi. Masu tallafa muna sun ce za su turo mai odit, shi ne kwantabul ɗinmu ya yi hushi wai an maishe shi ɓarawo. Don Allah aikinsu ba ɗaya ba ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. A'a, ba ɗaya ba ne, kuma ki lallashi bawan Allah nan, ba wanda ya zarge shi.

Kwantabul shi ke rubuta lissahi kullum: buhu nawa na gyaɗa aka sayo a babbar kasuwa, jika nawa aka biya mai injin niƙa, litar mai nawa ta hita, wa ake bi bashi, sai ya adana fakitir da rasi, in shekara ta ƙare ranar 31 ga Disamba ya haɗa bilan, wato jimlar lissahin shekara mai nuna dukiya da bashi. A Nijar tsarin rubuta lissahi mai suna SYSCOHADA ake bi, wanda aka sabunta ya fara aiki 1 ga Janairu 2018 cikin ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, kuma doka ta ce a ajiye takardun lissahi shekara 10.

Mai odit kuwa daga baya yake zuwa, ba ya rubuta ko dala a littahinku. Nashi shi ne ya ɗauko abin da aka riga aka rubuta ya gwada da zahiri, in littahi ya ce akwai buhu 40 a magaza sai ya tashi ya je ya ƙirga da kansa, ya ƙirga kuɗin kes, ya kwatanta da takardar banki, wata sa'a har ya tuntuɓi wanda ya saida muku gyaɗa ya ji ko farashin ya yi daidai. Ba kowace takarda yake bi ba, tsamo wasu yake, sannan ya rubuta rahoto ya faɗi ra'ayinsa kan ko a dogara da lissahin.

Inda nake so ki kama da kyau shi ne dole ya zama bare. Ba a ba mutum jarabawa kuma a ce shi zai gyara wa kansa, ko da amanarsa ta kai ina, don mai gaskiya ma yana mantuwa, yana rubuta 50.000 wurin 5.000. Shi ya sa dokar OHADA ta wajabta ma kowane kamfani mai matsayin SA, wato kamfanin masu hannun jari, ya naɗa mai binciken lissahi daga waje, su kuma kuɗin gwamnati akwai kotun binciken lissahi a Yamai. Wallahi rahoto mai kyau garkuwa ne ga shi kwantabul ɗin, da ke ma da kike riƙe da kes, ranar da wata ta tashi a taro ta ce ina kuɗinmu.

Tun yanzu ku zauna ku biyu ku jera fakitir wata-wata, wadda ta ɓace ku koma wurin mai kaya ya sake ba ku kwafi kafin baƙon ya iso.