Tambaya da Amsa: Sakkwato zuwa Maiduguri a jirgin sama, awa nawa ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ƙanwata za'a aurar a Maiduguri cikin watan Janairu, maigida yace bazan bi mota ba saboda halin da hanya take ciki, ni kuma ban taɓa hawa jirgi ba. Nisan nawa ne daga nan, kuma awa nawa zanyi a sama? In na tashi ranar ɗaurin auren da safe zan samu?
Daga wata mai karatu, Sakkwato

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri ya basu zaman lafiya. In aka ja layi miƙe daga Sakkwato zuwa Maiduguri wajen kilomita 870 ne, jirgin fasinja irin Boeing 737 kuwa yana cin kusan kilomita 800 a awa in ya daidaita a sama, kinga da akwai mai zuwa kai tsaye da awa ɗaya da ƴan mintuna kin sauka.

To amma jiragen fasinja na yau da kullum ta Abuja suke bi. Daga filin jirgin Sultan Abubakar III zuwa Abuja kusan kilomita 490 ne, kamar awa ɗaya, sai ki sauka ki sake hawa wani zuwa Maiduguri, kilomita 700 da ɗoriya, awa ɗaya da kwata ko fiye kaɗan. Zaman cikin jirgi duka bai kai awa uku ba, abinda ke cinye yini shine jiran da zakiyi a Abuja, dan in jirginki ya iso bayan na Maiduguri ya tashi to sai kwana, kuma in tikitin na kamfani biyu ne daban daban, na biyun ba ruwansa da lattin na farko, kayanki ma sai kin ɗauka kin sake kaiwa awo.

Ga kuma Janairu tsakiyar hunturu ne, hazo na rufe sama har matuƙi ya kasa hango titin sauka, sai a ɗaga tafiya ko a soke ta gaba ɗaya, kuma filayen jirgin arewa sunfi shan wannan matsalar. Saboda haka gaskiya Hajiya kar ki tashi ranar ɗaurin aure, bana so ki wuni a kujerar jira ana can ana shafa fatiha. Ki tashi saura kwana biyu, ki zaɓi jirgin safe, ki bar tazarar awa uku ko huɗu tsakanin jiragen, ki riƙe katin shaidarki da anko a jakar hannu.

Wani abu kuma, agogo ɗaya ne amma Maiduguri na gabas sosai, rana na riga faɗuwa can da kusan rabin awa, in kin sauka ki bi kiran sallarsu kar ki bi lokacin da kika saba a gida.