Ni ma an yi min dariya a kan ciyawar Fallout 3

Ɗan'uwa, ina karanta tambayarka na ji kamar ni na rubuta ta. Ka ce anya shekara 200 bayan yaƙin nukiliya Washington za ta zauna ƙurmus yadda Fallout 3 ya nuna, ba ganye ba ciyawa, ruwa duk guba? Kuma ka ce abokanka sun ce ka cika ƙaƙale, gem ne kawai. To sannu. Kai da baki kawai suka tsaya, ni har suna aka laƙaba min.

Amsarka dai a'a ce. Masu gem ɗin juya abin suka yi: abin da ya kamata ya ruɓe ya faɗi shi ne a tsaye, abin da ya kamata ya tsiro kuma shi ne a mace.

Shekarun baya ina wani guruf, ba wannan ba, kada admin ɗinmu ya ce da shi nake. Dare uku na yi ina karance-karance a kan maganar nan, data ta ƙare min sau biyu, aka ɗauke wuta na ƙarasa rubutun da cajin da bai kai kashi goma ba, a waya mai fasasshen gilashi. Na kawo Hiroshima. Bam ɗin 6 ga Agusta 1945 ƙarfinsa kamar tan dubu 15 na nakiya, a sama ya tashi, wajen mita 600 daga ƙasa. An yi ta cewa shekara saba'in da wani abu ba abin da zai tsiro a garin. Kwana uku da faɗuwarsa jirgin ƙasan cikin gari ya koma aiki a wani ɓangaren layi, itatuwan da suka ƙone suka sake toho, yau mutum sama da miliyan ɗaya ke zaune a can. Na tura, na kwanta ina jin na yi abin kai.

Da asuba na duba. Akwai wani da kowa ke ce wa oga don shi ya fara mallakar na'urar gem a unguwarsu. Bai karanta ba, wallahi bai karanta ba, don minti biyu tsakanin turawata da amsarsa. Ya ɗauki hoton rubutun ya zagaye kalmar ciyawa da jan layi ya rubuta “Farfesan Ciyawa ya iso”. Shi ke nan. Mutum kusan talatin suka bi da fuskar dariya, har da wanda ni na koya masa yadda ake kwance bam ɗin garin Megaton a cikin gem ɗin. Admin ya goge rubutun wai yana jawo hayaniya, amma hoton da aka yi min ba'a da shi ya bar shi. Da yamma na je shagon gem, na fito na tarar an cusa min dunƙulen ciyawa a hannun mashin, ɗanya shar, da ƙasarta a jikin saiwa. Yara na leƙe ta taga. Na cire na yar, na yi kamar ina dariya, amma sai da na buga kik sau huɗu don ƙafata rawa take. Wata biyu ban koma shagon ba.

Abin da ya fi ƙona min rai daga baya ya zo. Ogan nan ya sa mod, wato ƙarin da 'yan wasa ke yi wa gem, mai mayar da taswirar gem ɗin kore, ya ɗora hotuna, ya yi dogon bayani wai ya yi bincike. Maganata ce tsaf. Har kuskuren da na yi wajen rubuta sunan Chernobyl ya kwafe bai gyara ba. Aka yi ta masa tafi. Na yi magana aka ce na cika riƙo. Allah ya isa dai ban ce ba, amma na kusa.

Bari na dawo kanka. Ƙurar da bam ke zubarwa ba ta zama da ƙarfinta. Akwai lissafin da masu shirin kare farar hula ke amfani da shi: duk sanda lokacin da ya wuce tun tashin bam ya ninka bakwai, zafin radiyeshan, wato gubar nukiliya, ya ragu ninki goma. Bayan kwana biyu saura ɗaya cikin ɗari, bayan sati biyu ɗaya cikin dubu. Masu naci su ne sinadaran siziyom-137 da sitirontiyom-90, su kuma duk wajen shekara 30 rabinsu ke tafiya. Daga 2077 da aka yi yaƙin a gem ɗin zuwa 2277 da ake labarinsa ka yi ta rabawa, abin da zai rage kusan ɗaya cikin ɗari ne. Kuma Potomac da ya ratsa Washington kogi ne, ba kududdufi ba. Ruwan da ke cikinsa bana ba shi ne na bara ba, balle na shekara 200. Washington gari ne da ake tafka ruwan sama. Ka duba Pripyat, garin da ke kusa da tashar nukiliyar Chernobyl da ta fashe, tun 1986 aka kwashe mutanenta kusan dubu 50, yanzu filin ƙwallonsu daji ne, kyarkeci da dawakan jeji na yawo a yankin, wasu gine-ginen sun fara zubewa da kansu ba wanda ya taɓa su.

Wannan na ƙarshen shi ya fi ba ni haushi a gem ɗin. Gidan kakanmu da aka rufe, damina huɗu kawai ya yi ba yaɓe, azara ta karye, soro ya rufta, wata bishiyar maina ta fito ta tsakiyar ɗaki. Su kuma gidajen katako na nan da ƙashin bayansu a tsaye bayan ƙarni biyu, kwamfuta na kunne, ka buɗe firji ka ci abin gwangwani. Ga ƙwarangwal zaune a kujera a inda mutane ke kwana suna tashi. Haba, shekara 200 ba a samu mai tsintsiya ba?

Amma kada ka je ka ce musu komai ƙarya ne, nan za su kama ka, ni nan na yi sakaci. Bam da ya tashi a ƙasa daban yake da wanda ya tashi a sama, don yana kwasar ƙasa ya gurɓata ta ya watso. Gwajin Castle Bravo da Amurka ta yi a tsibiran Bikini a 1954, tan miliyan 15, ya zubar da farar ƙura a kan mutanen tsibirin Rongelap da wani jirgin masunta na Japan. An mayar da wasu mutanen Bikini gida, aka sake kwashe su a 1978 saboda gubar ta shiga kwakwa da abin da suke ci. Ka lura, kwakwar ta tsiro, wurin kore ne, cin ta ne matsalar. Sannan duniyar Fallout ko motar hawa da nukiliya take tafiya, ga gangunan shara a zube ko'ina. Don haka wurare nan da can masu guba, wannan na yarda. Taswira sukutum ce ban yarda ba. Shi ma hayaƙin biranen da suka ƙone da zai tare rana ya kashe noma, shekaru masana ke lissafa masa, ba ƙarnuka ba. Yunwa da rashin magani su za su gama da mutane a shekarun farko, ba kore-koren ruwa mai walƙiya ba.

Af, ka san ma abin ya taɓa zuwa kusa da mu? Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, a Fabrairun 1960, kuma a Janairun 1961 Najeriya ta kori jakadan Faransa saboda gwaje-gwajen. Na faɗa wa ogan nan wannan ma, ya ce tarihi ya kawo mu ko gem.

Shawarata, duk abin da ka rubuta mai tsawo ka ɗauki hotonsa da kwanan wata kafin ka tura. Kada ka yi musu da mutum bayan sha biyun dare. In kana buga Fallout 3, ka sa a ranka shekara 20 aka yi ba 200 ba, za ka ga kusan komai ya zauna daidai, ni haka na samu lafiya. In sun matsa maka, tambaye su me ya sa Fallout 76, da ke 2102, shekara 25 kacal da yaƙin, dazuzzukansa ke kore shar. Za su ce ba a jefa wa wurin bam da yawa ba, ka bar su a nan, ka riga ka sa su lissafi. Gem ɗin Fallout: New Vegas bai taɓa damuna ba, Mojave dama hamada ce tun kafin bam.

A wace na'ura kake bugawa? In kwamfuta ce ka yi min magana ta gefe na nuna maka mod ɗin bishiyoyin, amma ka ajiye kwafin sef ɗinka, wato inda ka tsaya a wasan, tukuna, ni ya taɓa cinye min awa sittin.