Zanen nan mai ƙwallaye goma, hatimin Yahudawa ne?

Tambaya: Salam Malam, don Allah ina yawan ganin wani zane a YouTube, ƙwallaye goma an haɗa su da layuka, wasu na cewa hatimin tsafin Yahudawa ne wasu kuma su ce na 'yan Illuminati ne. Mene ne gaskiyarsa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wannan zanen sunansa Bishiyar Rayuwa, kuma ya fito ne daga Kabbala, wato ilimin baɗini na Yahudawa. Asalinsa ba hatimi ba ne irin wanda ake rubutawa a naɗe a yi laya, taswira ce ta karantarwa. Su masu Kabbala suna cewa zatin Ubangiji, wanda suke kira En Sof, ba mai iya saninsa, toh sai suka ce yana bayyana ne ta matakai goma da suke kira sefirot, daga Keter a can sama har zuwa Malkut a ƙasa, ƙwallayen da kake gani ke nan. Jerin dama na rahama ne, na hagu na tsanani da hukunci, na tsakiya kuma shi ke daidaita su. Layukan guda 22 ne daidai da haruffan Ibrananci, in ka haɗa da goman nan ka samu 32, lissafin da ke cikin wani tsohon ɗan littafi nasu mai suna Sefer Yetzira. Ni dai ina gaya maka abin da suka ce ne fa, ko a cikin malaman Yahudawa akwai waɗanda suka soki wannan karatu suna ganin yana taɓa tauhidi.

Karatun ya bunƙasa a Sifaniya a ƙarni na 13 lokacin da babban littafinsu mai suna Zohar ya bayyana, bayan an kori Yahudawa daga can a 1492 sai cibiyar ta koma garin Safed a yankin Galili, inda manyan malamansu Musa Kordobero da Ishaku Luriya suka yi zamani, Luriya ya rasu a 1572. Layu kam Yahudawa suna da su, amma wannan wani fanni ne daban.

To inda abin ya rikice shi ne da ya shiga hannun Turawa. A 1516 aka buga bishiyar a bangon wani littafin Kabbala da aka fassara zuwa Latin, daga baya wani limamin Katolika ɗan Jamus, Atanasiyus Kirca, ya fitar da nasa tsarin a shekarun 1650, sai a ƙarni na 19 wani Bafaranshe Elifas Lebi ya ce ai manyan katunan duba na tarot guda 22 su ma haruffan Ibrananci ne, abin da babu shi ko kaɗan a littattafan Yahudawan. Wata ƙungiyar asiri ta masu sihiri, Golden Dawn, da aka kafa a Landan a 1888 ita ta gama cakuɗa komai, ta ɗora katunan a kan layukan ta ƙara launuka da sunayen allolin Masar da na Girka, kuma su kam da zanen suka riƙa yin bukukuwan sihirinsu. Yawancin wanda kake gani a intanet nasu ne. Illuminati kuwa ƙungiyar asiri ce da aka kafa a Babariya, cikin ƙasar Jamus ta yanzu, a 1776, gwamnati ta haramta ta cikin shekara goma, jingina mata wannan zane surutun 'yan bidiyo ne kawai.

In kana so ka bambance, duba ƙwallon ƙarshe na ƙasa. A tsarin da ake dangantawa da Luriya layi ɗaya ne ke sauka gare shi, in ka ga uku to yawanci na Kirca ne da 'yan Golden Dawn.