Me ya sa ƙadangaru ke lafewa da safe?

Tambaya: Malam, a unguwar Birni nake nan Damagaram, lokacin hunturu da safe sai in ga ƙadangaru sun lafe kan duwatsu ko motsi babu, lafiya kuwa?

Amsa: Lafiyarsu ƙalau ɗan'uwa, jikinsu ne ba ya haɗa zafi da kanshi sai rana ta ɗumama shi, don Allah a hana yara jifarsu a lokacin. In zafin jikin ya ƙaru da digiri 10 saurin da jikin ke mayar da abinci ƙarfi kan ninka sau 2 ko 3, shi ya sa da hantsi sai ka ga sun zabura suna farautar ƙwari, amma gudun ba ya nisa sun gaji. Ƙaramin ƙadangare ya fi damo saurin ɗumama da saurin jin yunwa, babban kada kuwa yakan yi watanni bai ci komai ba.