Ƙyallen Iska ko Inji: Wanne Za a Dogara da Shi?

Tambaya: Ina koyon tuƙa ƙaramin jirgin ruwa na shaƙatawa a Legas, mai tsawon mita 9, yana da ƙyallen iska da injin dizal. Tunda akwai inji, me zai sa in wahalar da kaina da ƙyalle? Mai karatu daga Legas.

Amsa: Malam, injin irin wannan jirgi mataimaki ne kawai. Ƙarfinsa bai cika wuce doki 20 ba, yana shan kamar lita 2 a awa, kuma ko ka taka shi har ƙarshe da wuya ka wuce kilomita 12 a awa, don tsawon gangar jirgin ne ke ƙayyade gudunsa. Amfaninsa shi ne shiga tasha da fita, cajin batir, da ranar da iska ta kwanta.

Matsalar ita ce ya fi mutuwa a lokacin da aka fi buƙatarsa. Na farko, idan teku ta yi fushi, jijjiga na tayar da dattin da ya kwanta a gindin tanki, ya toshe filta. Sai ka canza filtar, ka sassauta ƙusar fitar da iska, ka yi ta danna famfon hannu har mai ya fito babu kumfa. Na biyu, ƙaramar farfelar roba da ke jawo ruwan sanyaya inji. Da zarar ka tayar, leƙa salansa; in ruwa ba ya fita, kashe nan take, in ba haka ba cikin 'yan mintuna zai yi zafi. Riƙe wata farfelar robar a ajiye. Na uku kuwa igiya ko leda ta naɗe farfelar da ke tura jirgin, abin da ruwan Legas bai rasa ba.

Shi ya sa ko da inji kake tafiya, cire murfin babban ƙyalle, igiyar ɗaga shi na ɗaure, anka kuma a shirye. Ƙyallen ma yana da iyaka: ba ya fuskantar iska kai tsaye, sai a karkace kamar digiri 45, ana karkatawa hagu da dama. Iska ta kai kilomita 30 a awa, rage shi tun kafin jirgin ya kishingiɗa.

A dokar teku, mai inji ne ke kauce wa mai ƙyalle, amma ba a ƙunƙuntar hanyar manyan jirage ba. Kana sa injin a giya kuma ka zama mai inji ko da ƙyallenka na sama, sai ka rataya baƙar alama mai siffar mazurari a gaba, tsininta ƙasa.