Amsar Kawu Kan Watan Janairu

Assalamu alaikum, 'yata. Saƙonki ya iso, na kuma ji daɗi da kika tambaya maimakon ki yanke hukunci da kanki. Kin ce a daren shiga sabuwar shekara, bayan ƙarfe 12, maƙwabcinki a Edinbara, babban birnin Sikotilan, ya buga ƙofa da ɗan dunƙulen kwal da biskit a hannu, kika rasa ko ki karɓa ko ki ƙi. Kika kuma tambaya me ya sa ma Turawa suka ɗora kan shekararsu a Janairu.

Bari in fara da ta biyun. Romawan farko watanni 10 suke ƙirgawa, kuma daga Maris suke somawa. Labarinsu ya ce sarki Numa ne ya ƙara Janairu da Fabrairu. Sunan Janairu daga Janus yake, gunkinsu na ƙofofi, mai fuska biyu, ɗaya na duban baya ɗaya na duban gaba. A shekara ta 153 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) manyan shugabannin Roma suka fara kama aiki ranar 1 ga Janairu, daga baya Juliyas Kaisar ya tabbatar da ranar a kalandarsa. Duk da haka ba kowa ya bi ba. Ingila ta daɗe tana fara shekara ranar 25 ga Maris, sai a 1752 ta sauya, ita kuwa Sikotilan da kike zaune ta riga ta tun 1600. Kin ga ashe ranar shawarar masu mulki ce.

To, batun maƙwabcinki. Bikin nasu Hogmane suke ce masa, kuma a cikinsa akwai al'adar ƙafar farko: wanda ya fara tsallake dokin ƙofa bayan tsakar dare, a ganinsu shi ke shigo da sa'ar shekara. Sun fi so ya zama dogon namiji mai baƙin gashi. Kwal ɗin fata ne kada wuta ta mutu a murhunki, biskit ko burodi kada abinci ya yanke, wasu su haɗa da gishiri, wasu da giya. Ki duba inda suke kafin ki ga baikensu. A farkon Janairu rana ba ta fitowa a garin nan sai kusan tara saura kwata, kafin ƙarfe huɗu ta faɗi. Mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru cikin wannan duhu da sanyi, dole wuta ta zame musu babbar kyauta. Shi ya sa a Larwik, can tsibiran Shetilan da ke arewacin Sikotilan, ranar Talatar ƙarshe ta watan suke fitowa da tocilan wuta su ƙona jirgin ruwa irin na mutanen da.

Ni dai ra'ayina, ki karɓi kwal da biskit da fara'a, ki yi godiya, ki bar giyar, ki kuma rama da abin da ya sauƙaƙa. Haƙƙin maƙwabci ba ya faɗuwa don addini ya bambanta. Abin da ba za ki ɗauka ba shi ne camfin, domin ƙafar wani ba ta kawo arziki, ba ta kuma kore shi.

Amma akwai abin da na fi so ki mai da hankali a kai, tunda Allah Ya kai ki inda dare ke da tsawo. Wajen 3 ko 4 ga Janairu duniya ta fi kusantar rana a duk shekara, kimanin kilomita miliyan 147, alhali a Yuli sai ta kai miliyan 152. Ga ki kusa da rana, ga ki cikin ƙanƙara! Karkatar duniya ce ke kawo sanyin, domin a lokacin ɓangaren arewa ya juya wa rana baya. A waɗannan darare ne kuma ake ganin ruwan taurarin da ake kira Kwadirantid. Ba taurari ba ne na gaske, ɓarɓashin dutse ne ke shigowa iskar duniya yana ƙonewa. Ƙarfinsa 'yan sa'o'i ne kawai, an fi ganinsa gab da asuba, idan babu gajimare kuma wata bai cika haske ba.

Ko kin rasa wannan, bayan isha'i ki fuskanci kudu maso gabas. Za ki ga taurari uku a jere kamar an ja su da zare, su ne ɗamarar Oriyon, wani rukunin taurari da Larabawa ke kira Jauza'u. Ki bi layinsu ƙasa ta hagu, za ki tarar da tauraron da ya fi kowane haske da dare, Shi'ira, wanda Alƙur'ani ya ambata da suna a Suratun Najmi. Haskensa sai ya yi tafiyar fiye da shekara 8 kafin ya iso idonki. Ki bi layin sama ta dama kuma, ki wuce wani jan tauraro, sai ga Kaza da 'Ya'yanta a cure wuri guda.

Cikar watan wannan lokaci kuwa, a Amurka Watan Kyarkeci suke ce masa, wai don a tsakiyar hunturu ake yawan jin kukansu. Idan za ki fita kallo, ki nemi inda fitilun titi ba su da yawa, ki ba idonki kamar minti 20 ya saba da duhu, ki sa kaya masu kauri, kuma kada ki fita ke kaɗai. Ki rubuto min abin da kika gani. Allah Ya yi miki albarka.

Kawunki.